Lamba Ta Arba'in da Bakwai

Malam Barau ya kawo littafinsa a filas, da kwafi cikin leda:
tarihin masaƙun Kakuri, shafi ɗari biyu da 'yan kai,
ga jela a bayansa, bayanai ɗari da sha tara,
kowanne riƙe da gefen rigar wata jimla
kamar yaro a cunkoson Kasuwar Barci.

Ni aikina gyara. Shagona yana Tudun Wada,
ƙarƙashin bene, jikin na Iliya mai ɗinkin littafi.
An ce yanzu akwai 'yan aike a cikin kwamfuta,
ka yi musu magana su shiga takarda da ƙafarsu.
Na ce gani ya kori ji.
Na kwafi littafin gida huɗu, na ba manhaja huɗu umarni ɗaya:
a cire bayani na sha biyu,
a gyara shekara a na talatin,
sauran kada a taɓa.

Ta farko ta cire na sha biyun, ta bar lambarsa
tsaye a tsakiyar shafi, tana nuna ƙofar da ba ɗaki.

Ta biyu akwai zafin nama.
Kafin shayina ya huce ta ce ta gama, har da godiya.
Lambobi sun jeru tsaf kamar 'yan fareti,
amma ta bi haruffa da aska.
Baƙin da suka zo neman aiki sun koma baki,
ƙoƙon awo ya zama koko,
mutanen da suka yi wa ƙasa sutura
an bar su da kasa.
Ba wanda ya aike ta.

Ta uku tana tsaka da aiki aka ɗauke wuta.
Da janareta ya kama, ta mance inda ta tsaya.
Ban ɗora mata laifin duka ba.

Ta huɗu nawa gare ta, har na fara tsaki.
Duk abin da ta taɓa sai ta ja masa jan layi,
ta ajiye tsohon a gefe ko zan so shi.
Can sai ta tsaya, ta ce:
na arba'in da bakwai ba marubuci, ba shekara, ba shafi.
In nemo masa madogara, ko in cire?

Na gangara ƙarshen littafi na karanta:
"Ladidi mai abinci ce ta faɗa mini, a bakin get,
ranar da jiniya ta yi shiru.
Ta ce tukunya ɗaya ta ɗora maimakon biyar,
kuma da rabi ta koma gida."

Na kira Malam Barau. Ana ta hon a bayansa,
yana cikin keke, wajen gadar kogi.
Ya ce, Saude, Ladidi ta rasu shekara shida ke nan,
wane shafi zan ba ki?
Ki gaya wa na'urar ni ne madogarar,
kuma ina nan tukuna.

Na rubuta: bar shi.
Ta bari. Ba ta ƙara ko waƙafi ba.

A littafin awona na yi gidaje uku tun da safe:
sauri, lamba, ƙugiya.
Na ɗauki biro na matse na huɗu a gefen takarda,
inda rubutu ke karkacewa:
tana tambaya?

Ita ce mafi tsada, da dala, duk wata,
ban ma san ko zan iya ba.
Iliya ya leƙo yana neman canjin ɗari biyar,
hannunsa duk gam.
Firinta na aman shafukan ƙarshe, da ɗumi.
Da aka cire na sha biyu kowa ya gusa,
Ladidi yanzu ita ce ta arba'in da shida.
Ta matso gaba da lamba ɗaya.