Igiyar Awo

Ni ce Batula tela, ta unguwar Ɗan Gulbi.
Shekara ashirin da biyu ina awon ƙugun matan Maraɗi,
nawa ne kaɗai ban auna ba.

Sai na riƙa ƙara wa siket ɗina ƙyalle.
Na ce ƙiba ce, na ce kwanciyar hankali.
Loma uku ta tuwo, na ƙoshi kamar na ci na biki.
Fitsari sau biyar kafin asuba,
mara da nauyi kamar an ɗaura mini dutsen guga.
Na sha kanwa, na sha jiƙon sabara,
wata bakwai ina ba cikina haƙuri.

Likita ya ɗora na'ura, ya daɗe bai tanka ba.
Sankara ce, in ji shi, a ƙwan mahaifa.

Motar Yamai, wuƙa, ƙarin ruwa mai ɗaci har harshe.
Gashina ya bi mataji.
Na dawo da rai, amma ƙafar dama ta zama turmi,
yatsu sun daina jin ƙasa.
Keken ɗinki na lungu, lulluɓe
kamar mai takaba.

Ran Talata aka tura ni ɗakin kine.
Sa'ade, yarinyar da na isa haihuwa,
ta zaro igiyar awo daga aljihu. Na yi dariya.
Arba'in da shida, in ji ta, a sha-raɓa.
Ta yi ta shafa a hankali,
tana kora ruwan sama kamar mai ban-ruwa a bakin gulbi,
sannan ta naɗe da bandeji.
"Ja numfashi har cibiya, Inna.
Ɗaga dunduniya. Sake."
Na zage ta a zuci. Na sake.

Taku goma da riƙon ƙarfe.
Mako ya zagayo, sha takwas.
Arba'in da uku. Arba'in da ɗaya.
Ta ce feda ma magani ce:
minti biyar, ki ɗora ƙafar bisa matashi.
Ranar da keken ya yi tari ya tashi
maƙwabta sun leƙo ta katanga.

Jiya Hajo ta kawo atamfar suna.
Littafina ya ce santi biyar ta ƙara tun ƙaramar salla,
ga fuska kuma ta zabge.
Na ajiye almakashi.
Na ce, Hajo, loma nawa kike ci?
Ta sunkuyar da kai.

Atamfar na nan bisa tebur, ban yanka ba.
Sai ta kawo mini takardar asibiti.