Ƙotar Saje Labbo

Ran Laraba Haliru dillali ya iso Rijiyar Ɗorowa,
ya kwantar da bindigar kakana bisa tabarma
kamar mai shirin wankan gawa.
Ya tofa yawu a yatsa, ya murje tsatsa,
lamba ta fito, ɗaya ta shafe.
"Ƙirar Amurka ce, ta girmi ubanka.
Akwai masu tara irinta,
su rataye a bango su yi ta kallo."

Kunamar ta daskare tun ban san dama da hagu ba,
wannan bai dame shi ba.
Ƙotar ce ta ɓata mai rai:
"Wa ya sa mata kirya?
Da ta asali na nan, da kun sai gona.
Yanzu ko rabi ba ta kai."

Ta asali gara ta cinye.
Wannan Saje Labbo ya sassaƙa da gizago, wata biyu,
gurbin babban yatsansa har ya yi sulɓi.

Na sa nawa a gurbin, ya yi mini yawa.
Haliru ya sha ruwan randa,
na raka shi bakin zaure.