Fanke a Kan Ƙanƙara

Shida saura kwata a Oulu,
rana ba ta da niyyar leƙowa kafin goma.
Na ja igiyar takalmi har yatsuna suka yi fari,
na hau ƙanƙara da hamma a baki.

Malama Tuulikki na jingine da katanga,
kofin gahawa a hannu, rigar ulu kan rigar ulu.
Ba ta gaisuwa. “Sauka,” shi ne ina kwananta.
Na sauka. “Ƙara.”
Na ƙara har gwiwa ta kai ƙara.
“Wannan ba zama ba ne, Saimi,
tsugunon mai jiran mota ne.
Cinya ta kwanta daidai da ƙanƙara,
in ba haka ba, alƙalai ba su ga komai ba.”

Shekara biyu ina juyin zaune,
ƙafa ɗaya a miƙe kamar mai nuna hanya.
Na ɗauka na iya.
Ashe a bakin ƙofa nake, ina ta sallama.

Na farko sunansa harsashin igwa:
ki kama idon sawu, ki kifa goshi a ƙwauri,
ki dunƙule.
Duniya ta ɓace, sai safata kaɗai,
da wani zare da ya tsinke a bakinta.

Na biyu, karyayyar ƙafa.
Jin sunan kawai, mahaifiyata ta ajiye cokali.

Na uku shi ne fanke.
Ki ɗora ƙafa a kan gwiwa, ki ninke a kanta,
ki zama abin da za a iya sa wa a faranti.
Shi ya ƙi ni.
Zagaye uku, sai haƙoran takalmi su ciji ƙanƙara,
in tafi da mazaunai har gindin katanga,
wando sharkaf.
Kwatangwalona ya yi shuɗi, ya yi kore,
ya koma ruwan ɗorawa,
kafin ya warke na sake masa sabon rini.

Tsoho Reino mai motar goge fili
ya tare ni wata safiya, hula har gira.
“Ni ban san juyi ba,” in ji shi,
“amma shekara talatin ina share rubutunku.
Zo ki ga naki.”
Na duƙa. Zane ne ya murɗe, ya murɗe,
yana rarrafe zuwa ƙofa
kamar igiyar tsohuwar tarho.
“Kina juyi kina gudu.
Wa ke bin ki?”

Ban ba shi amsa ba.
Amma na sani.
Hajijiya ce nake gudu,
wannan lokacin da fitilun rufi ke narkewa su zama zobe,
ciki ya hau wuya,
ba sama, ba ƙasa, ba Tuulikki.
Sai in riƙe numfashi, in yi sauri in gama,
mai sauri kuwa ba ya samun tsakiya.

Cikin Fabrairu, ranar Laraba,
mura ta kama ni, ban da ƙarfin yin gaggawa.
Na jira kaifin takalmi ya gama bakansa.
Na jira kuma.
Can ƙarƙashin tafin ƙafa, bayan haƙora kaɗan,
akwai wani wuri da bai fi ƙwayar wake ba.
Na zauna a kansa.
Na ninke.
Hajijiya ta zo, na ce mata bismilla, ga wuri.

Daga nesa, kamar ta cikin ruwa,
na ji ana ƙirga: biyar, shida,
bakwai,
takwas.

Na miƙe, hanci na yoyo, bango na tafiya.
A ƙasa, da'ira ɗaya tak,
kamar an kifa ƙaramin kofi an ɗauke.

Tuulikki ta kurɓi gahawa.
“Hannun hagu ya yi sako-sako. Sake.”

Da lokaci ya cika, Reino ya fito da motarsa.
Ya share gabas, ya share yamma,
yana kewaye wurin kamar mai kauce wa kwanciyar jariri,
har ya rage shi kaɗai a fili duka.
Ya dube ni. Na ɗaga kai.
Sai ruwan zafi ya bi ta kansa.

Gobe ma, shida saura kwata.