Abin da Ke Cikin Ƙundu

Daren da aka gama bugun shinkafa a Dadin Kowa
suka sauka, ba sallama.
Da asuba na tarar da su a bakin gaɓa,
ƙanana, masu farin zane a saman ido,
kai cikin ruwa, wutsiya sama,
kamar masu neman allurar da ta faɗi.

Kirinjijiya tamu ce, ta san kwalekwalena,
har fito take yi mini.
Waɗannan ba su san kowa ba.
Ci kawai.

Sai ga Asabe 'yar Bappa Tukur daga makarantar Gombe,
da faranti da hantsaki da littafi.
Wai in kai ta wurin Barau maharbi,
ba nama take so ba, ƙundu.
Barau ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

A kan tabarmata ta tsaga shi.
Na zaci zan ga cimar ƙasar da ruwa ke zama dutse.
Ina!
'Ya'yan bado. Tsabar roba.
Shinkafar da ta zube a gonar Manu,
ɓawon katantanwa kamar farcen jariri,
da tsakuwoyi uku na niƙa.
Tana ƙirga tana rubutawa:
ɗari biyu da sha ɗaya, bado kaɗai.

Ni kuwa na daina jin ƙirgan.
Na koma shekarar da damina ta yi mana rowa,
Inna cikin tafki har ƙugu
tana tsinko kawunan bado,
ta shanya, ta daka, ta tuƙa.
Tuwon baƙi ne, yana maƙale a wuya.
Muna ci muna ɓoye kwano kada maƙwabta su gani,
alhali su ma shi suka kwana da shi.

Ashe abin da muka ci da kunya,
saboda shi wata halitta ke ƙetare teku da hamada.

Akwai zoben ƙarfe a ƙafar,
da rubutun da Asabe ta juya, ta sake juyawa,
ta ce sai ta tambaya.
Wani can ya taɓa riƙe ƙafar nan, ya sake ta.

Yanzu kacalla ta cinye rabin gaɓar,
badon ya ja baya har wajen tsohon famfo.
Asabe ta ce ran da ya ƙare ba za su kai ƙara ba,
wucewa za su yi ta samanmu.

Jiya na naɗe raga a hankali, na zagaye su daga nesa.
Kafin bazara za su yi ƙiba su tashi
da tafkinmu a ƙirji.

Na tsinko bado guda, na sa wa Inna a tafin hannu.
Ba ta gani yanzu.
Ta shafa, ta sunsuna,
ta ce, "Wa ke jin yunwa?"