Ka Fara Kwance Na Sama

Landurobar Baba ta fara kuka a hanyar Kujama,
wani zuuu daga ƙasan kujera
kamar zuma ta tare a tukunya.
Giya ta biyu sai an lallashe ta,
ta uku sai ta ci haƙori kafin ta shiga.
Buhun citta sha huɗu a baya,
na lallaɓo da ita Kakuri da hantsi.

Barau bakanike ya daina shiga ƙarƙashin mota.
Gwiwa ta ƙi, idon hagu ya yi yana.
Kan tsohuwar taya yake zama, kunne ne jarinsa.
"Yaushe rabonta da man giya?"
Na ce baƙin mai dai ba na fashin juyewa.
Ya ce, "Ka wanke fuska, ka bar ƙafa da kaushi."

Ya aike ni shagon Uchenna,
galan kan galan har rufi.
Na ɗauko wani mai sheƙi, sabon yayi,
tsinkakke kamar man gyaɗa.
Barau ya girgiza shi kusa da kunne, ya miƙo mini.
"Mayar. Tsohuwa ba ta ƙoshi da farau-farau.
Kaurin casa'in za ka karɓo.
Mai lamba huɗu na akwatin giya,
mai lamba biyar na aksul.
In ka haɗa musu kwano ɗaya
farar wutar da ke cikin biyar
za ta ci zoben tagulla a hankali,
yadda gara ke cin azara, ba a ji."

Na shimfiɗa kwali, na kwanta rigingine.
Ƙarfen da sauran ɗumi.
Na ɗora sifana a notin ƙasa, ya daka mini tsawa:
"Ka fara kwance na sama!
In ka zubar, na sama ya yi gardama,
ta ina za ka ɗura?
Kada ka rufe ƙofar dawowa tun ba ka fita ba."

Ya zubo baƙi wuluk,
da warin ruɓaɓɓen ƙwai da tsohuwar tafiya.
Mayen ƙarfen da ke kan noti ya yi gemu.
Barau ya murza shi tsakanin yatsu,
ya daɗe yana murzawa.
"Gari ne, ba tsaki ba.
Da tsaki ne, da yau a nan za ta kwana.
Wannan hannun babanka ne,
shekara ashirin da shida yana sa giya,
bai taɓa fizga ba."

Ƙaramin akwati, lafiya. Aksul na baya, lafiya.
Na gaba ne ya tona asiri:
fari-fari ya fito, kamar kunun gyaɗa.
"Ta sha ruwa. Wane rafi kuka ratsa?"

Ni ban ratsa ba.
Sai na tuna daminarsa ta ƙarshe,
daren da ya dawo daga Kachia wando jiƙe har ƙugu,
ya rantse wa Inna ta gada ya zagayo.
Shekara biyu yana kwance a maƙabarta,
yau mota ta kai ƙararsa.
Na yi dariya a ƙarƙashinta
har mai ya ɗigo mini a kunne.

Famfo, tiyo, damtse ya gaji.
"Har yaushe?"
"Har sai ta yi tumbiɗi ta bakin sama.
Sa yatsa ka ji. Sabuwar washa.
Ɗaure, kada ka shaƙe."

A kan gada, da magariba, na sa ta uku.
Ta shiga shiru, kamar cokali cikin koko.
Sau biyu na wanke hannu da toka da omo.
Inna ta karɓi ledar biredi, ta tsaya,
ta ce, "Warin babanka kake yi."
Maganar rafi
na bar ta a garejin Barau.