Yatsu Uku a Gadarif

Injin riɗi ya cinye min yatsu uku
ranar Talata, kafin shayin hantsi.
Mai kamfani ya biya diyya,
aka ƙirga a gaban alƙali.

Kuɗin ba su yi kwana goma ba.
Asibiti ya ɗebi nasa,
mai shago ya zo da littafin bashi,
da ragowar na rufe ɗakin da damina ta huda.

Da na koma ofishin zakka
karɓar buhun dawar wata,
Ustaz Siddiƙ ya ja layi kan sunana:
"Ai yanzu kai mai hali ne, Tanimu."

Na ɗaga hannun zan rantse.
Ya kau da kai.
Takarda, in ji shi, fam take ƙirgawa,
ba ruwanta da yatsu.