Lofen Gariba Direba

A Alabar, bayan masu sayar da tabarmi,
inda rumfata ta jingina da bangon masallaci,
agogo nake gyarawa. Lofe kuwa sai jefi-jefi,
in wani tsoho ya tuna da ni.

Ran Talata, ruwa na dukan kwano,
Lariba ta shigo da fararen kayan asibiti,
ta kwance bakin gyale, ta ajiye shi kan tebur
kamar mai jefar da mataccen ɓera.
"Na babanmu ne, Gariba direba.
Shekara talatin yana jan goro zuwa arewa
da wannan a baki, tun daga Kintampo har Bolga.
Shi ya cinye masa ƙirji.
Ka wanke shi, Baba Inusa, kada in ƙara jin warin nan."

Na ce to.

Na zare bututun a hankali, ya yi ƙara
irin ta gwiwar tsoho in zai ɗago daga sujada.
Cikin kaskon baƙi ya yi kauri,
da ƙyar ƙaramin yatsana ya sami wuri.
Na sa 'yar wuƙa ina kankarewa,
sannu sannu, don itace ba ya yafe zamewar hannu.
Abin da ya zubo na tara a takardar jarida.
Ban yi niyya ba. Hannu ne ya yi.

Na cika shi da gishiri, na ɗiga sifirit,
ya kwana tsaye a gwangwanin madara.
Da safe gishirin ya koma kalar ruwan Subin
ranar da sama ta kwana tana zuba.
Gashin farar kaza goma sha ɗaya na zura a bututu,
kowanne ya fito kamar an tsoma shi a daddawa.
Na sha biyun ne ya dawo yadda ya shiga.

Zoben tagulla na wuyansa, toka da lemun tsami suka tashe shi.
Itacen kuwa kakin zuma,
da tsumman wata rigata da ta gama aikin riga.
Na murza, na hura, na sake murzawa
har jijiyoyinsa suka fito ja,
jan goron da aka fasa yanzu.

Saura bakin bututu.
Haƙora biyu sun haƙa gida a nan,
na hagu ya fi zurfi.
Nan yake cizawa, in ji ni,
in mota ta ƙi hawa tudu da kaya,
ko in ya tuna kuɗin makarantar yarinya.
Samfefa na hannuna, minti biyar ya isa.
Na mayar da ita aljihun tebur.

Ran Juma'a ta dawo.
Ta ɗaga shi ga haske, ta kai hanci.
Zuma kawai.
"Ya yi kyau," ta ce, ta ƙirga mini sidi,
amma ƙafarta ba ta nufi ƙofa ba.
"Ya yi kyau, Baba. Sai dai kamar na wani."

Babban yatsanta yana yawo a bututun
har ya faɗa ramin hagu, ya tsaya.

Ban ce komai ba. Na miƙa mata ƙunshin jaridar.
Ta buɗe, sai ga mutumin gaba ɗaya:
taba, baƙin mai, zufar kujerar mota,
da asubar da yake buga ƙofa da burodi a hammata.
Ta yi tari. Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da taba."
Ta yi dariya, idon na zuba.
Ta ninke takardar gida huɗu,
ta sa a jaka, kusa da ma'aunin zafin jiki.

Ladan ya kira. Agogo tara ke rataye a rumfata,
babu biyu da suka yarda da juna.
Na ɗauki buta.